Kati ɗaya, kamfani ɗaya, amma karin kumallo kowane otal da nasa?

Sadiya_M:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aikina na yawan tafiye-tafiye ne. Bara na daure na riƙa sauka a otal-otal na kamfani guda har na haura kwana 50, duk don in kai matakin da ake ba da karin kumallo kyauta. Makon jiya na kwana a biyu daga cikinsu a jere. A na farko ko tambaya ban yi ba, mai karɓar baƙi ta haɗo min da 'yar takarda tare da makullin ɗaki, ta ce in sauko daga ƙarfe shida da rabi. A na biyun kuwa, ina ajiye kofin shayi sai ga ma'aikaci da takardar biya. Na nuna masa katina na zama memba a waya, ya ce ɗan ragi kawai zai yi min, sauran in cika. Wallahi ba kuɗin ne suka dame ni ba, rashin sanin abin da zan tarar ne. Haka tsarin yake ko cutata aka yi?

Abu_Hanif:
Wa alaikumus salam Hajiya. Da wuya a ce cuta ce. Yawancin otal-otal ɗin nan ba kamfanin da sunansa ke jikin bango ne ya mallake su ba. Mai gini daban, ya biya kuɗi ya ɗauki hayar suna. Kamfani ne ke yi miki alkawari, amma kuɗin abincin daga aljihun mai gini yake fita, to kin ga dole ya riƙa neman inda zai tsuke.

Sannan ƙa'idar kanta ba iri ɗaya ba ce. Ɗauki kamfanin otal na Marriott, da ta sayi kamfanin Starwood a 2016, ta kuma sa wa tsarinta na lada ga masu yawan sauka sunan Bonvoy a 2019. A cikin otal-otal ɗinta, mai matakin Platinum zai iya samun karin kumallo a Sheraton ko Westin, amma a Ritz-Carlton babu shi cikin alkawarin sam. A Courtyard na Amurka kuwa dala 10 ake ba shi a rana ya kashe a abinci. Hilton ma tun 2021 ta koma ba masu matakin Gold da Diamond kuɗin abinci a otal-otal ɗinta na Amurka, alhali a wasu ƙasashe karin kumallon ake bayarwa. Abin da kika kwatanta ya yi kama da irin wannan.

Maman_Ilham:
Ni dai a ganina Hyatt ta fi tsayawa kan magana ɗaya. Wanda ya kai matakinsu na Globalist ana ba shi karin kumallo na manya biyu da yara biyu, ga mai iyali wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai kwana 60 ake nema a shekara, kuma otal-otal ɗinsu ba su kai na Marriott yawa ba.

Amma Sadiya, ta ina kika kama ɗakin na biyu? In ta shafukan kama ɗaki irin su Booking.com ko Expedia ne, galibi ba a duba matakinki ko kaɗan.

Sadiya_M:
Ta manhajarsu na kama duka biyun, Maman Ilham. Na koma na duba sharuɗɗan kamar yadda Malam Abu Hanif ya nuna, ashe otal na biyun yana cikin masu ba da kuɗin abinci. An rubuta, amma can ƙasa da ƙananan haruffa. Ina da tafiya wata mai zuwa, zan aika musu saƙo tun kafin in biya, su faɗa min a rubuce abin da katina zai ba ni da safe.