Ɗan mai gida ya ba ni sati biyu in kwashe kayana a Agege, sai na ɗauki lauya ne?

Abban Sadiya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, wlh kwana uku kenan ban yi barcin kirki ba. Ina haya a wani gida nan Agege, ɗaki da falo, shekara 8 kenan ni da iyalina, yarana biyu ma a gidan aka haife su. Kuɗin shekara nake biya duk watan Maris. Baban da ya ba ni gidan mutumin kirki ne, Bayarabe musulmi, tare muke zuwa asuba, ko risit ba kullum yake ba ni ba, wani tsohon littafi yake da shi mai jan bango nan yake rubutawa in sa hannu ya sa hannu, sai shekaru ukun nan na baya na koma tura masa ta banki. To Allah ya yi masa rasuwa bayan babbar sallah.

Watan jiya babban ɗansa ya zo ya tara mu a tsakar gida yace daga dubu 400 haya ta koma dubu 900, kuma na shekara biyu yake so a dunƙule, wanda bai da shi sati biyu ya kwashe kayansa. Nace masa ai kuɗina bai ma ƙare ba saura wata huɗu, yace shi bai san wannan ba, wanda na ba kuɗin yana kabari. Shekaranjiya na dawo daga abbatuwa ta Oko-Oba inda nake sana'a na tarar an yanke min wayar wuta daga mita an sa kwaɗo a famfo, matata da tsohon ciki tana ɗauko ruwa a bokiti daga maƙwabta. Raina ya ɓaci muka yi cacar baki, ban taɓa shi ba wlh, amma ya kira min 'yan sanda, na wuni a caji ofis sai da na ba da dubu 25 wai kuɗin beli, kuma sunce in dawo ran Litinin in sa hannu a takarda cewa zan tashi ƙarshen wata.

Tambayata, ni da ba ni da agrimen a rubuce ina da wani haƙƙi kuwa? Kuma maganar nan ta kai ta lauya ko kuwa kuɗina zan ƙara zubarwa a banza? Ban taɓa taka kotu ba a rayuwata.

Baba Mai Goro:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mai gidan naka. Ni shekarata 30 da wani abu a Legas, shawarata ka fara da manya. Ka samu limamin masallacin da kuke sallah da marigayin, ka haɗa da wani dattijo daga fadar Sarkin Hausawa, a kira yaron nan a zauna. Sau da yawa in suka ga kana da mutane a bayanka sai su sassauta. Mu nan baƙi ne, kuma shari'a sai mai kuɗi da lokaci, kai kuma ga mai ciki a gida. In ya ba ka ko wata uku ne ka karɓa ka nemi wani wurin.

Maman Ilham:

Baba gaskiya ne sulhu alheri ne, ni ma zan ce a fara da shi, amma dan Allah kar ya je zaman yana ganin alfarma ake masa, don doka tana bayansa. Ni ba lauya bace amma shekara shida ina aikin sakatariya a ofishin lauyoyi a Ikeja, takardun haya ni nake buga su kusan kullum.

Malam Abban Sadiya abu na farko, ran Litinin KAR KA SA HANNU a komai. Takardar nan ita ce tarkon, gobe ita za a ɗaga a ce kai da kanka ka yarda za ka tashi.

Akwai dokar haya ta jihar Legas ta 2011, tana aiki a Agege, wuraren da aka cire su ne Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island. A dokar nan ko da baki kuka yi magana haya ta ƙullu, ba sai da agrimen a rubuce ba. Kuma in ba ku rubuta wani wa'adi daban ba, mai biyan shekara notis na wata 6 ake ba shi a rubuce, mai biyan wata uku-uku ko shida-shida wata 3, mai biyan wata-wata wata 1. Bayan wannan ya cika sai a sake ba ka wata takardar ta kwana 7 cewa za a kai ka kotu, sannan a shigar da ƙara, sannan alƙali ya saurari kowa, kuma in ma an yanke ka tashi ma'aikatan kotu ne za su zo ba mai gida da 'yan daba ba. To ina sati biyu a nan? Maganar baki a tsakar gida ma ba notis bace.

Yanke wuta da kulle ruwa da cire rufi ko ƙofa don a takura ɗan haya ya gudu laifi ne a dokar, tara har dubu 250 ko ɗaurin da zai iya kai wata 6. Kuɗin shekara biyun ma da yake nema haramun ne, mai biyan shekara ba a karɓar fiye da na shekara ɗaya a wajensa, kuma ka lura har kai mai bayarwa in ka bayar ka yi laifi, tara dubu 100 ko wata 3. Ƙarin kuɗi kuma doka ba ta hana mai gida ya ƙara ba, kar in yaudare ka, amma in ya wuce hankali ɗan haya zai iya kai ƙara kotu ta duba nawa ake biya a irin gidan a unguwar, kuma ba a fitar da shi har sai an gama wannan shari'ar.

Sai abin da yafi damuna wanda ba wanda ya taɓo, mai gidan ya rasu. Waye yace wannan ɗan shi ke da ikon karɓar haya? Marigayin matansa nawa, 'ya'yansa nawa? Mun sha ganin ɗan haya ya ba babban ɗa kuɗi a hannu, bayan wata biyu 'ya'yan ɗayan ɗakin su zo da lauyansu suce ba su san zancen ba. Ka nemi ya nuna takardar kotu ta kula da gado ko aƙalla takarda da sauran magada suka sa hannu cewa shi suka wakilta, kuma ko sisi kar ka ba kowa a hannu, ta banki kawai, ka rubuta kuɗin hayar me da me ne.

Yau ɗin nan ka je banki ka ciro bayanin asusunka na shekaru ukun, ka ɗauki hoton wayar da aka yanke da kwaɗon famfon da bidiyo, duk risit ɗin da ka samu ko ya yage ka adana. Lauya kuma eh, tunda 'yan sanda sun shigo kuma ana so ka sa hannu, ta kai. In ba kuɗi akwai ofishin lauyoyin gwamnatin Legas masu kare talaka kyauta, OPD, tun 2000 suke, babban ofishinsu yana Surulere. Akwai kuma cibiyar sulhu ta ma'aikatar shari'a, CMC, ita ma kyauta ce, rigimar mai gida da ɗan haya ita ce abincinsu, su za su aika masa takardar gayyata, abin da kuka amince a rubuta kowa ya sa hannu.

Ɗan Mile 12:

Hajiya Allah ya saka da alheri, da na samu mai faɗa min haka shekara huɗu da suka wuce da ban yi asarar da nayi ba. Ni nawa shago ne. Mai shagon ya ba ni notis na yi banza da shi don a ganina ina biya, bayan nan na zo da safe na ga an manna wata takarda a ƙofa da hatimi, yarona ya karanta yace sammaci ne daga kotun majistare, wani abokina yace rabu da su barazana ce, na ninke na sa ƙarƙashin sikeli. Ashe ana ta zama ba ni, an yanke hukunci ban sani ba. Ranar da suka zo ina Kano wajen bikin ƙanwata, aka kira ni wai ga buhunan albasata a bakin titi ana ruwan sama. Buhu 40 da ɗoriya, rabin ta ruɓe kafin in iso. Lauyan da na samu daga baya kallona kawai ya yi yace da ka zo ranar da aka manna takardar nan da aikin bai kai rabin wannan kuɗin ba.

Don haka ɗan uwa komai ƙanƙantar takarda in dai daga kotu take, ranar ka nemi lauya, kar ka kwana da ita. Kuma ka yi hankali da masu baƙar kwat da ke tsayawa bakin kotu da caji ofis suna tare mutane, na farkon da na ba dubu 30 ashe ba lauya bane, ɗan kai-da-kawo ne. Lauya na gaskiya yana da ofis, yana da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA da yake mannawa a takarda da sunansa da lambarsa a jiki, kuma ku yi maganar kuɗi tun farko ya ba ka risit.

Abu Hanif:

Ni maganar 'yan sandan ce ta tsaya min a rai. Beli kyauta ne, a jikin bangon caji ofis ɗin ma za ka ga an rubuta, amma tsoro ke sa mu biya. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan rigimar da ba laifi ba kamar bashi ko haya ko saɓa alkawarin ciniki, ta kuma hana a kama ɗan uwanka ko matarka a madadinka. Tsarin mulki kuma yace in an tsare ka a kai ka kotu cikin awa 24 in akwai kotu kusa, in babu 48, kuma kana da damar yin shiru har lauyanka ya zo. Mutanenmu da yawa ba sa karanta Turanci sosai, a rubuta musu bayani a ce dangwala su dangwala, wannan ne ke kashe mu. Ka ce a karanta maka a fassara maka da Hausa.

Amma ba komai bane sai lauya fa. Ni wani ya riƙe min dubu 600 na kaya, ƙaramar kotun bashi da Legas ta buɗe a 2018 na je, a lokacin tana sauraron har naira miliyan 5, fom na cike da kaina na kai hirarmu ta WhatsApp da shaidar banki. Irin wannan za ka iya kai kanka. Naka kuwa Malam akwai 'yan sanda akwai gado akwai sa hannu, kar ka je Litinin kai kaɗai.

Abban Sadiya:

Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na bi maganar Baba na samu liman jiya bayan isha'i, ashe Hajiya gaskiyarki, marigayin mata biyu ya bari, kuma ƙanwar yaron nan da ke Ikorodu ba ta ma san ya ƙara kuɗi ba, littafin mai jan bango ma yana hannun uwargidan. Na ciro takardar banki, wani ɗan uwan matata ya haɗa ni da lauya a Ogba yace zai raka ni Litinin kuma zai rubuta wasiƙa a mayar min da wuta da ruwa. Saura tambaya ɗaya Hajiya, in Maris ta zo ana cikin rigimar nan in riƙe kuɗina ne har a gama?

Maman Ilham:

A'a Malam kar ka kuskura, bashin haya shi ne babban makamin da za ka miƙa musu da hannunka. Ka tanadi dubu 400 ɗinka tun yanzu kar ka taɓa. In magadan sun fitar da wanda zai karɓa a rubuce ka tura ta banki, in sun ƙi karɓa kuma magana tana gaban alƙali lauyanka zai iya neman izini ka biya a rajistarar kotu. Kuma in sun dawo sun bi hanya sun ba ka wata 6 a rubuce to ka fara neman gida da gaske, don gidansu ne, duk kwanan da ka ƙara bayan wa'adi sai ka biya kuɗinsa. Ka roƙi uwargidan ta bari ka ɗauki hoton shafukan littafin nan da sunanka yake kafin ya ɓace. Ka gaida mai ɗakin naka, Allah ya sauke ta lafiya, ka hana ta ɗaukar bokitin nan.