Baba ya daina cin tuwona, ku ba ni shawara

Maman Saratu: Salama 'yan'uwa. Daga wani ƙauye nake a yankin Sumaila. Babanmu Bamaguje ne, har gobe yana yanka kaza a gindin tsamiya. Shekara biyu yana fama da yanar ido, ni na sayar da akuyoyina biyu muka kai shi asibitin ido na ECWA a Kano, muka kwana uku gidan ƙanwar maigidana. Aka yi aiki, yanzu har zare yake zura wa allura. Na ɗauka daga nan sai sujada a coci. Muna dawowa ya ce iskokin gidansu ne suka buɗe masa ido. Raina ya ɓaci, na karanta masa Yohanna sura 9, labarin makahon da Yesu ya warkar, na faɗa masa wata magana. Tun ranar kwanon tuwo a rufe yake dawo mini.

Dattijo: 'Yata, ba sabon abu ba ne. Duba 2 Korintiyawa 4:4, allahn zamanin nan ne, wato Shaiɗan, ya makantar da hankalinsa. Fir'auna annoba goma ya gani, zuciyarsa ta ƙara tauri. Kada ki sassauta.

Maman Yakubu: Wace magana kika faɗa masa?

Maman Saratu: Cewa na yi idonsa ya buɗe amma zuciyarsa makauniya ce. Ai ba ƙarya na yi ba.

Maman Yakubu: Haba! A gaban jikokinsa? Ki je ki durƙusa ki ba shi haƙuri. Makahon Betsaida ma, a Markus 8, sai da Yesu ya taɓa shi sau biyu. Da fari mutane kamar itatuwa yake ganinsu.

Talatu: Ke gara ke. Nawa maigidan shi ke buga ganga a coci, ranar kasuwa kuma a rumfar burkutu ake ɗauko shi. Na kai ƙara sau uku, shiru.

Dattijo: Haƙurin me? In ta durƙusa zai ce iskokinsa sun yi nasara. Ishaya 6 ya riga ya faɗa: za su ji ba za su fahimta ba.

Maman Saratu: Maman Yakubu, ba ki san shi ba ne. Da yake lalube da sanda ina 'yan'uwansa masu zuga shi suke? Ni ke kai shi bayan gida. Shekarunsa sun ja, tsoro nake ya mutu a haka. Yau ma fura na aika, Saratu ta dawo da ita.