Ku da kuka tashi a kiɗa da wasa, me ya bi ku har kasuwa?

Mai Atamfa, Kantin Kwari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son jin ta bakin waɗanda suka tashi a gidan kiɗa, ko suka yi waƙa da wasa tun suna yara, yau kuma suna riƙe da sana'ar kansu. Mu gidanmu kalangu ne, kakana mahauta yake yi wa kiɗa. Tun ban yi wayo sosai ba nake riƙe kuntuku, ƙaramar gangar da ke raka kalangu, a bayan Baba. Abin da ya bi ni har rumfa shi ne karatun fuska. Makaɗi ba gangarsa yake kallo ba, taro yake kallo: wa ya motsa kafaɗa, wa ya kai hannu aljihu, wa ya fara hamma. Yau mace ta shafa turmi ta ajiye, ta sake waiwayarsa, na san shi ne ya shiga ranta, sai in san inda zan tsaya da ciniki.

Ɗan Tashe, Farm Centre: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ba gado na yi ba, tashe ne makarantata. Da azumi ya kai goma, bayan shan ruwa, mu shafa bula mu bi gida-gida. Wani gidan a ba mu gero, wani a kore mu tun daga zaure. Wanda aka kora yana ɗan shekara tara, gobe ya koma layin, don mai sayen waya ya ce "a'a" ba zai hana shi barci ba. Kuma ni ne ma'ajin tawagarmu. Rabon kuɗin tashe tsakanin yara bakwai ya fi lissafin shago rigima, wallahi.

Inna Mai Girki, Damagaram: Ni amshi na yi wa Goggo a kiɗan ƙwarya. Duk wani sha'anin biki a nan na san shi: sa lalle, wuni, kai amarya, buɗar kai. Da na fara dafa abincin biki ban sha wahalar neman mutane ba, don na riga na san ba uwar amarya ke riƙe da jaka ba, tana ɗaki kunya ta rufe ta. Ƙanwarta ko aminiyarta ake nema. Sai dai a faɗi ɗaya ɓangaren: wanda ya fara neman aurena, danginsa cewa suka yi ba za su ɗauko 'yar maroƙa ba. Yanzu daga cikinsu akwai masu aiko mini da kuɗin tukunya goma.

Mai Hayar Lasifika, Zariya: Ku yi haƙuri, ni ban ga abin da daɗi haka ba. Kuɗin liƙi ba ya koya wa yaro tattali. Mahaifina bayan kaka da bayan Sallah aljihunsa cike, da damina sai bashin mai shago. Abin da ya shigo da dare, kafin azahar an rabar. Lokacin kullen 2020 da aka hana taro, da ƙarancin takardun naira a farkon 2023, na ga makaɗan da suka sayar da kayan aikinsu. Rubuta shiga da fita a littafi wajen ubangidana na koya, ba wajen ganga ba.

Mai Atamfa, Kantin Kwari: Gaskiyarka Malam, Baba ma haka yake, Allah Ya jiƙansa. Amma wa ya sanar da kai inda za ka kafa lasifika kada sauti ya dawo?

Mai Hayar Lasifika, Zariya: Wannan kam mahaifina ne, Alhaji. Har yau kafin in sauke kaya sai na tafa hannu a tsakiyar fili na saurara.