Wane littafi zan fara da shi kan siyasar duniya ta ƙarni na 20?

Dalibi_Sabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara. Ina so in fahimci yadda aka yi duniya ta zama haka, tun daga yaƙin duniya na ɗaya har rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, ba don jarabawa ba, kawai abin na damuna ne in ji ana labarin Falasɗinu ko Kwango ban san tushen rigimar ba. An ba ni Diplomacy na Henry Kissinger na fara karantawa, mutumin ya iya rubutu gaskiya amma ya wuce shafi 800 kuma kusan duk labarin Turai ne da Amurka, Afirka sai ka ce babu ita a taswira. In ci gaba da shi ko akwai wanda ya fi dacewa da mai farawa?

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye Kissinger tukuna, ba wai ka jefar ba. Fara da The Age of Extremes na Eric Hobsbawm, ya fito 1994, ya ɗauko daga 1914 zuwa 1991, kuma ba labarin shugabanni kawai yake yi ba, zai nuna maka yadda karyewar tattalin arziki ta 1929 ta share wa Hitler hanya. Ka dai sani shi ɗan kwaminis ne har ya mutu, don haka in ya zo kan Sobiyat ka buɗe ido sosai.
In ka gama sai ka nemi The Twenty Years' Crisis na E. H. Carr, ƙarami ne amma da nauyi. Carr ma'aikacin ofishin harkokin wajen Birtaniya ne, yana cikin tawagarsu a taron sulhu na Paris a 1919, ya ga yadda ake dafa abin da idonsa. Maganarsa ita ce doka tsakanin ƙasashe ba ta aiki in babu ƙarfi a bayanta. Duba Habasha, Italiya ta auka mata a 1935, ƙungiyar League of Nations, wato majalisar ƙasashen duniya ta kafin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka takunkumi amma ta ƙi haɗawa da man fetur, wanda wasu ke ganin shi ne zai iya tsayar da tankokin Mussolini shugaban Italiya, Sarkin Habasha Haile Selassie ya je hedkwatar ƙungiyar a Geneva a 1936 ya yi ta roƙo ba wanda ya motsa. Shi ma Carr ɗin yana da nasa tabon, a bugun farko na 1939 ya goyi bayan lallashin Hitler da aka yi a taron Munich, inda aka bar masa wani yanki na Czechoslovakia, daga baya ya cire wuraren.

Hajiya_Mai_Karatu:
Malam ka yi bayani mai kyau Allah ya ƙara basira, amma ni dai ban yarda a fara da Hobsbawm ba tunda yaron ya ce abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne rashin ganin Afirka. Ɗana nemi The Global Cold War na Odd Arne Westad, 2005. Wallahi shi ne littafin da ya sa na daina jin daɗin sunan nan "yaƙin cacar baka", domin a Turai ne aka tsaya ga baki, a Angola da Biyetnam da Afganistan jini aka zubar na gaske.
Karanta babin da ya yi kan Habasha da Somaliya ka ga abin mamaki, Sobiyat ta daɗe tana ba Siad Barre shugaban Somaliya makamai, da ya shiga yankin Ogaden na Habasha a 1977 sai kawai ta juya ta koma bayan Mengistu shugaban Habasha, aka kawo sojojin Kyuba, shi kuma Barre ya kori Rashawa ya karkata wajen Amurka, makiyayan Ogaden su aka bari da gawa da gudun hijira. Westad ya shiga takardun sirrin Mosko da aka buɗe bayan 1991, kuma abin da na fi so ba ya ɗaukar shugabannin ƙasashe masu tasowa a matsayin 'yan amshin shata, yana nuna yadda su ma suka riƙa jan manyan ƙasashen zuwa cikin rigingimunsu.
Maganar Kwango kuma, akwai littafin Ludo De Witte kan kisan Lumumba, firaministan Kwango na farko, na 17 ga Janairun 1961, fitowarsa ce ta sa majalisar dokokin Beljiyam ta kafa kwamitin bincike. Sai ka daure, akwai wuraren da ba daɗin karantawa ko kaɗan.

AbuFatima:
Ni zan ɗan kare Kissinger. E ya yi sakataren harkokin wajen Amurka daga 1973 zuwa 1977 kuma mutanen Kambodiya da Chile suna da abin faɗa a kansa, amma don haka ne ma ya kamata a karanta shi, za ka ji daga bakin mai abin yadda suke auna ƙananan ƙasashe. Shirun da ya yi a kan Afirka ma darasi ne. Kan Falasɗinu da Gabas ta Tsakiya nemi A Peace to End All Peace na David Fromkin, ya bi yadda Ingila da Faransa suka yanka ƙasashen Daular Usmaniyya, har da yarjejeniyar Sykes da Picot ta 1916 da alkawarin Balfour na 1917 na samar wa Yahudawa matsuguni a Falasɗinu.

Dalibi_Sabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya zan fara da Westad in sha Allah, sai Fromkin. Malam tambaya ɗaya, Turancin Carr yana da tsauri ne, ko wanda ya iya jure Kissinger zai iya da shi?

Malam_Tarihi:
Za ka iya. Babukan farko ne akwai falsafa da yawa, ka bi su a hankali da biro a hannu, kuma ka karanta labarin yarjejeniyar Versailles, wadda aka ƙulla da Jamus bayan yaƙin duniya na ɗaya, kafin ka shiga don yana ɗauka ka riga ka san ta.