Aiki a Abuja ko zama a Kwoi: ta yaya zan gane nufin Allah?

Malamin Kwoi:
Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ni malamin firamare ne, ina da mata da 'ya'ya uku, kuma mahaifiyata mai fama da hawan jini tana hannuna. Tun da cutar citta ta 2023 ta ruɓar da gonata, da albashi kaɗai muke rayuwa, ga bashin iri ban gama biya ba. Yanzu wani kamfanin gine-gine a Abuja ya ba ni aikin kula da sito, albashin ya ninka nawa, kuma suna son amsa cikin mako biyu. Na yi azumin kwana uku, zuciyata ta kwanta da tafiyar, amma matata ta ce tata ba ta kwanta ba. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, da me kuka gane muryar Ubangiji?

Ɗan Biliri:
Ɗan'uwa, ka yi azumi tukuna, kuma tunda ba ka da nauyin kowa, ka tafi. Ƙofar da Allah ya buɗe babu mai iya rufe ta.

Dattijo Mai Ritaya:
Ɗana, mutumin ya ce ya yi azumi, ya kuma lissafa baki biyar da yake ciyarwa. Buɗaɗɗiyar ƙofa kuma ba hujja ba ce, domin Yunusa ma, yana gudun umarnin Allah, da ya isa Yafa ya tarar da jirgin Tarshish, har da kuɗin shiga a hannunsa. Bulus kuwa ya so shiga Bitiniya, Ruhu ya hana shi, sai a Taruwasa kiran Makidoniya ya zo.

Maman Godiya:
Baba, ni abin da na gani da idona zan faɗa. Wani mai kiran kansa annabi ya zo taron farkawa a unguwarmu, ya nuna maigidana a tsakiyar jama'a, ya ce Ubangiji ya shirya masa arziki a Legas. Na ce masa raina bai kwanta ba, sai aka ce da ni ƙarancin bangaskiya ne. Muka sayar da filin gado da keken ɗinkina, aka kai wa annabin rabonsa a ambulan da sunan shuka iri. Bayan wata 8 maigidan ya dawo da jakar leda ɗaya, takalminsa ya tsage, ya zauna a kan turmi a tsakar gida bai ce uffan ba har dare. Annabin ya canza lambar waya. Har yau ɗinkin haya nake yi a shagon wata yarinya da ni na koya mata yanka atamfa.

Malamin Kwoi:
Allah ya mayar miki da alheri, Mama, amma ni babu annabin da ya yi mini magana.

Maman Godiya:
Akwai dai matar da ta yi magana ba a ji ba, kuma nan ne labarinmu ya zama ɗaya.

Mazaunin Mararaba:
Malam, kafin mafarki da wahayi, ka zauna ka yi lissafi kamar mai ginin hasumiya a Luka 14. Ɗaki ciki da falo a nan Mararaba, kusa da Abuja, naira 600,000 nake biya a shekara, ban da kuɗin mota, wanda ya hau tun da aka cire tallafin mai.

'Yar Zumunta:
Wannan farashin ya yi yawa. Ƙanwata tana Masaka, 250,000 take biya.

Mazaunin Mararaba:
Yaya, ki tambaye ta ko akwai ruwa a gidan, da kuma ƙarfe nawa take tashi domin cunkoson Nyanya a hanyar shiga Abuja.

Mai Ganga:
A cunkoson nan Malam zai samu awa biyu na addu'a kowace safiya, ko nufin Allah bai fito ba, haƙurinsa zai fito.

Ɗan Biliri:
Shawarar mace ba ta tsayar da kira, miji ne kan gida. Ya je wurin fastonsa kawai.

'Yar Zumunta:
A Farawa 21 Allah da kansa ya ce wa Ibrahim ya saurari Saratu. Kuma fasto yana da nasa ra'ayi, domin ba zai so malamin makarantar Lahadi mai ba da zakka ya bar ikkilisiyarsa ba.

Dattijo Mai Ritaya:
'Yata, ki sassauta. Na yi shekara 30 ina kiwon ikkilisiya, kuma na sallami matasa da yawa da albarka.

Mai Ganga:
Baba, da girmamawa nake tambaya: me ya sa idan aka tura fasto ikkilisiyar birni sai ya ce nufin Allah ne, idan kuwa ƙauye ne sai ya ce zai ƙara addu'a? Namu an aiko shi tun watan Janairu, har yanzu iyalinsa ba su tare ba.

Maman Godiya:
Namu ma gidan fasto a rufe yake, ranar Asabar da yamma yake zuwa a kan babur.

Malamin Kwoi:
'Yan'uwa, saura mini kwana 9.