FOB ko CIF: wanne ya fi wa mai shigo da kaya Sakkwato?

Ɗan Tsohuwar Kasuwa:
Assalamu alaikum. Wani kamfani a Guangzhou ya ba da farashi biyu na injinan ban ruwa, FOB da CIF Legas. Ina bambancin?

Na Illela:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A FOB, mai sayarwa zai ɗora kayan a jirgin ruwa can China, kuɗin jirgi da inshora naka ne. A CIF ya haɗa su cikin farashi har tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas. Sai dai ko a CIF, da zarar kaya sun hau jirgi, asarar teku taka ce, kamfanin inshora za ka bi. Nan mutane ke ruɗewa.

Wakilin Fito:
Haka ne, Malam. Amma dokar Najeriya ta ce a yi inshorar da kamfanin gida, don haka ka nemi farashin CFR, wato kuɗin kaya da na jirgi ba tare da inshora ba. Ka buɗe Fom M, takardar neman shigo da kaya, a banki kafin a yi lodi. In babu shi, PAAR, takardar ƙiyasin haraji ta kwastan, ba za ta fito ba, kwantena ta zauna, kuɗin jinkiri na hawa kullum.

Na Illela:
Kwastan kuma a kan jimillar kaya, jirgi da inshora suke lissafin haraji. Kada ka manta kuɗin tirela daga Legas zuwa nan.