Masu saƙa na Zariya, ko akwai inda kuke haɗuwa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah tambaya gare ni. A Hanwa nake, ina ɗan taɓa saƙa da kwarashi, hular sanyi da safar jarirai haka, amma duk kwaikwayo ne daga YouTube, in mai bidiyon ta ce a yi sarƙa 60 sai in yi 60, ni kuma so nake in iya fitar da nawa samfurin, ga hunturu ya matso an fara tambayata suwaitar yara. Ko akwai inda mata masu saƙa ke haɗuwa a garin nan? Sannan ya kuke gane ulu mai kyau kafin ku zuba kuɗi? Don wani in yana cikin leda gwanin sha'awa, wanki ɗaya sai ya tashi gashi-gashi.

Anti Rabi Samaru:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Mu nan Samaru muna zama ranar Asabar bayan la'asar, ba ƙungiya ba ce mai shugaba da sakatariya, gida-gida muke zagayawa, hira ma ta fi saƙar yawa wani lokacin hhh. Kowa kan zo da ragowar ulunta a zube a tabarma a yi ta taɓawa. Wanda ya burge ki sai ki saƙa ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, ki wanke da omo ki shanya, in zai zuba ko ya saki jiki nan za ki gani tun ba ki sayi dozin ba. Kuma ki yanko ɗan guntu ki kanga masa ashana, in ya narke ya dunƙule yana warin roba to akirilik ne, na gashin tumaki warin ƙonannen gashi yake yi, auduga kuwa kamar an ƙona takarda. Yawancin na kasuwar Sabon Gari akirilik ne duk da ulu muke ce masa, ba aibu ba ne, shi ya fi jure wankinmu na hannu ma.

Hajiya Inna T/Wada:
'Yata, fitar da samfuri lissafi ne, sai tef ɗin awo. Wannan ƙyallen da Rabi ta faɗa, ki auna santimita 10 a jikinsa ki ƙirga idon saƙa nawa ne suka shiga. A ce 20 kika samu, kan jariri sabuwar haihuwa kuma wajen santimita 35 ne, kin ga ido 70 kenan, sai ki ɗan rage kaɗan don hular ta kama kai. Hannun kowa daban, wata tana matse zare wata tana saki, shi ya sa lissafin mai bidiyo ba lallai ya zauna miki ba.

Ummi_ABU:
Ƙari a kan na Hajiya, in ado za ki sa kamar dagin Arewa ko sunan yaro, nemi takardar giraf ta 'yan makaranta ki zana, kowane gida ido ɗaya. Amma fa in da tsinke biyu kike saƙa idon ya fi faɗi a kan tsawo, sai ki ga dagin ya fito a zaune, ki ƙara layuka. Kuma ki sayi ulun da zai ishe ki lokaci guda, ki duba lambar rinin da ke jikin takardar ulun in akwai, don kala ɗaya ma takan bambanta daga kwali zuwa kwali.

Maman Ilham:
Kai, na gode sosai Allah ya saka da alheri. Anti Rabi ana biyan wani abu ne? Kuma zan iya zuwa da goyo?

Anti Rabi Samaru:
Ba a biyan ko sisi, sai in kina son shiga adashin sarin ulu, shi ma ba dole. Ki zo da goyonki, amma ki riƙe almakashinki da kyau don yaran gidan akwai ƙiriniya. Ki yi min magana ta inbos in kwatanta miki gidan wannan satin.